Na auna iskar gidanmu, abin da na gani ya tayar min da hankali

Injiniya Nura: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ku yi haƙuri, yau zan ɗan tsawaita. Kun san ƙaramar 'yata da aka kwantar makon jiya saboda numfashi. Alhamdu lillahi an sallame mu, na kuma gode da addu'o'inku. Tun da muka dawo gida nake ɗora laifin a kan hazo, don kowa ya ga yadda garin ya rufe tun farkon Janairu. Sai wani abokin aikina ya ara min wata 'yar na'ura, girmanta bai wuce sabulun wanki ba, mai auna ƙurar da ke yawo cikin iska. Tana nuna lamba, tana kuma nuna launi: kore idan iska na da kyau, ruwan ɗorawa idan ta fara lalacewa, ja idan abin ya ɓaci. Kwana uku na yi ina zagayawa da ita. A tsakar gida da hantsi, duk da hazon nan, ruwan ɗorawa ta nuna. A bakin titi da yamma, lokacin da 'yan sahu suka cika hanya, ta koma ja. Amma inda lambar ta tsere wa ko'ina shi ne madafa, sa'ad da aka hura itace za a ɗora tuwon dare. A nan kuma yarinyar take yini, goye a bayan uwarta. Wuri na biyu shi ne ɗakin baya, wanda tagarsa ke kallon janareton maƙwabcinmu. Shekara da shekaru ina jin zancen gurɓatar iska da sauyin yanayi a rediyo, ina ɗauka maganar manyan masana'antu ce ta ƙasashen Turai. Ashe abin yana cikin gidana. Na kawo shi nan ne don mu tattauna: wace dabara ta zamani ce mu da muke Kano za mu iya kamawa yau, da kuɗin aljihunmu?

Maman Ilham: Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara mata lafiya, Injiniya. Wallahi jikina ya yi sanyi, don nawa yaron ma haka yake yini a gindin murhu.

Dakta Rabi'a: Amin. Injiniya, ka yi abin da ya kamata, gani ya kori ji. Abin da na'urar take ƙirgawa shi ake kira PM2.5, wato ɓurɓushin da faɗinsa bai kai maikiromita biyu da rabi ba. Idan aka jera kusan talatin daga cikinsu, sannan za su kai kaurin silin gashi ɗaya. Ƙura mai gwaɓi hanci yana tare ta, ka fyace ta fita. Wannan kuwa wucewa take har can ƙasan huhu, wani sashenta ya shiga jini. Shi ya sa ɓarnarta ba ta tsaya ga tari da asma ba, har da nimoniya a yara, da ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki a manya. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sake rage ma'auninta, ta ce matsakaicin shekara kada ya wuce maikirogiram 5 na ɓurɓushin a kowace kubik mita ta iska, na yini ɗaya kada ya wuce 15. Madafar itace da ba ta da mafitar hayaƙi tana kaiwa ɗaruruwa lokacin girki. Hukumar ta ƙiyasta cewa hayaƙin cikin gida ya kashe mutum kusan miliyan 3.2 a 2020, cikinsu yara 'yan ƙasa da shekara biyar sama da 237,000. Mu da muke ɗakin yara muna ganin fuskokinsu kowane hunturu.

Malam Habu: Allah ya ba ta lafiya. Amma Injiniya, zan faɗi abin da ke raina ko da ba zai yi daɗi ba. Ni duk lokacin da aka haɗa tuwon matanmu da sauyin yanayi, raina ɓaci yake. Wa ya cika sama da hayaƙi? Ingila ta fara ƙona gawayin ƙasa a masana'antu fiye da shekara ɗari biyu da suka wuce. Amurka ta biyo, yanzu Sin ce kan gaba. Nahiyar Afirka gaba ɗayanta ba ta fitar da kashi 4 cikin ɗari na iskar kabon ta duniya. Su suka ci nama, sai a ce mu za mu wanke tukunya? Mu muke shan wahalar ma: tafkin Chadi ya ƙafe ya koma ɗan kaɗan daga yadda yake a shekarun 1960, ambaliyar 2022 ta kashe mutum sama da 600 a ƙasar nan, Maiduguri ta nutse a Satumban 2024 da madatsar Alau ta ɓalle. Sai kuma a zo a ce tsohuwar da ke tsinto kara a Gezawa ita za ta gyara duniya.

Injiniya Nura: Malam, ban musa maka ko ɗaya ba. Kafin zamanin masana'antu iskar kabon a sama kashi 280 ce cikin miliyan, yau ta haura 420, kuma ba mu muka kai ta can ba. Amma abu biyu ne ake cakuɗawa. Akwai iskar da ke ɗumama duniya, wadda ke daɗewa a sama ɗaruruwan shekaru, wannan bashi ne a wuyan waɗanda ka lissafa. Akwai kuma hayaƙin da ke shiga ƙirjin 'yata yau da daddare. Wannan babu Baturen da ya hura shi, kuma babu taron duniya da zai kashe min shi. Abin da na lura kawai, wuta ɗaya ce take haifar da duka biyun. Idan ka rage ƙone-ƙone don lafiyar ɗanka, ɗayan ma ya ragu ko ba ka yi niyya ba.

Malam Habu: To hazon fa? Shi ma za ka kashe shi da na'ura?

Injiniya Nura: A'a, shi kam ya fi ƙarfinmu. Mafi yawansa daga Bodele yake tasowa, wani kwari a arewacin Chadi wanda a da can ƙasan babban tafki ne. Iska na kwasar busasshen laka daga nan, tauraron ɗan'adam yana ɗaukar hotonsa har ya tsallaka teku zuwa Kudancin Amurka. Abin da ilimi ya ba mu a kansa shi ne sanin ranar da zai sauko, don NiMet, hukumar hasashen yanayi ta Najeriya, na fitar da gargaɗi, mai asma ya sa takunkumi ya rage fita. Amma ka tuna, a gidana hazon ruwan ɗorawa ya nuna. Murhu ne ya nuna ja.

Hajiya Binta: Ni fa tun ɗazu nake karatu ina jiran in ga wanda zai kawo maganar kuɗi. Ƙanena Nura, shekara ashirin da biyu ina dafa abincin sayarwa. Ba sai na'ura ta gaya min ba, idona ya gaya min, don yanzu da ƙyar nake zura zare a allura, kuma duk asuba sai na yi tari kamar mai shan taba. Na taɓa komawa gas. Na sayi manyan tukwane biyu, na ji daɗin aiki, yaran da ke taya ni suka huta da wanke baƙin tukunya. Da kuɗin kilo ya yi ta hawa, sai na ga ribar shinkafar gaba ɗaya a gidan gas take ƙarewa. Na jingine su na koma itace. Ba jahilci ba ne ya mayar da ni, lissafi ne. Itace za ka saya na yau kaɗai, gas kuwa sai ka tara kuɗin cikawa a dunƙule. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Bashir Mai Sola: Hajiya ta taɓo inda ke ciwo. Kusan duk kayan da ba sa hayaƙi haka suke: tsada a ranar saye, araha a sauran shekaru. Masu hayaƙi kuma araha a ranar saye, su yi ta tatsarka kullum. Talaka kuwa ranar sayen nan ita ce katangar da ya kasa tsallakawa.

Maman Ilham: Hajiya, kin gwada murhun nan na zamani mai cin itace kaɗan? Maƙwabciyata tana da Save80, da 'yan ƙirare take dafa abin da ni sai na ƙona rabin dami.

Hajiya Binta: Na gan shi, 'yata, yana da kyau ga girkin gida. Tukunyata ta mudu goma ba za ta hau kansa ba. Abin da na yi, na sa magini ya gina min murhun laka mai baki biyu, ya rufe gefe da gefe, ya fitar da bututu ta saman rufi. Itacen da nake ƙonawa ya ragu sosai, wannan kam na shaida.

Dakta Rabi'a: Bututun nan shi ne rabin maganin, Hajiya. Amma ina so in faɗi wata gaskiya game da murhunan zamani, don kada mu yi wa kanmu alƙawarin da ba zai cika ba. Suna rage cin itace, babu shakka, kuma wannan alheri ne ga aljihu da daji. Sai dai rage hayaƙi rabi ba lallai ya isa huhun jariri ba. An yi wani babban gwaji a Malawi da yara sama da 10,000, aka raba wa wasu gidaje murhu mai fanka wanda ke ƙona itace da kyau, aka bar wasu da murhun duwatsu uku. Sakamakon da ya fito a 2016 ya nuna nimoniya ba ta ragu ba a gidajen da suka samu sabon murhun. Dalilan sun haɗa da lalacewar murhunan, da komawa tsohon murhu idan girki ya yi yawa, da hayaƙin maƙwabta da na shara. Don haka ga tsarin da nake ba iyaye: gas ko lantarki idan da hali, ko da na ɗumame da shayin safe ne kawai. Idan itace ne, a yi a fili ko a fitar da bututu, itacen ya zama busasshe, kada a hura da leda ko tsohon takalmi. Mafi girma kuma, wanda ba ya cin ko sisi, a sauke goyo kafin a shiga madafa.

Maman Ilham: Dakta, sauke goyon nan da wuya ga wadda ba ta da mai riƙe mata. Amma zan gwada shimfiɗa masa tabarma a ƙofar ɗaki inda ina hango shi. Sai kuma wani abu da ba a ambata ba: wankan jego. Da na haifi Ilham, itacen da aka ƙona a kwana arba'in ya fi na girkin wata huɗu. Safe da yamma ana tafasa ruwa a garwa, mai jego da jariri suna cikin wannan hayaƙin.

Bashir Mai Sola: Wannan kam rana za ta iya yi, kuma ba ya buƙatar batir ko waya. Akwai tankin dafa ruwa da hasken rana, mai bututan gilashi, ana ɗora shi a rufi. Ruwan da ya sha ranar Kano tun safe, da la'asar ba ki iya sa hannu a ciki, kuma tankin yana riƙe zafi har asuba. Ko shi ma ya yi tsada, baƙin tiyo da aka naɗe cikin akwati mai murfin gilashi yana ɗaga zafin ruwa sosai, sai a ƙarasa da wuta kaɗan. Na haɗa wa matata irinsa da ta haihu bara.

Dakta Rabi'a: Tunda an zo nan, don Allah a ji ni da kyau: kaskon gawayi a rufaffen ɗaki don jin ɗumi yana kashewa. Haka janareto a soro ko a baranda an rufe ƙofa. Iskar da suke fitarwa ba ta da wari ba ta da launi, tana kama jini ta hana shi ɗaukar iskar numfashi. Mutum zai ji ciwon kai da kasala, ya ce bari ya ɗan kwanta, shi ke nan. Na karɓi iyali guda a dare ɗaya saboda wannan.

Injiniya Nura: Inna lillahi. Shi ya sa maganar janareton maƙwabcina ta tsaya min. Mutumin kirki ne, tela ne, da shi yake ciyar da gidansa. Na rasa yadda zan tunkare shi.

Malam Habu: Wannan mai sauƙi ne. Ka je da na'urar ka nuna masa, kada ka je da faɗa. Addini ya ce ba cuta ba cutarwa, kuma haƙƙin maƙwabci ba ƙaramin abu ba ne. In ma salansar kawai ya juya ta kalli fili, an rage.

Bashir Mai Sola: Ka haɗa ni da shi, Injiniya. Teloli su ne suka fi saurin cin ribar sola, don da rana suke aiki. Keken ɗinki na zamani mai ƙaramar mota ba ya jan wuta sosai, dutsen guga ne matsala, shi sai a bar shi a gawayi ko a jira wuta. Kuɗin farantin sola ya faɗi da kusan kashi 90 cikin ɗari tsakanin 2010 da 2020, galibi saboda yawan da Sin ke ƙerawa. Kuma tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin mai, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haura dubu a ƙarshen 2024, lissafin ya juye gaba ɗaya. Kafin nan ni nake bin mutane ina roƙo. Yanzu masu shagon caji, masu aski, masu kemis su ke nemana. Ba wanda ya taɓa ce min don sauyin yanayi ya zo. Kowa cewa yake mai ya gagare shi. Masu ɗinki shida a wani layi adashi suka yi, duk wata a haɗa wa mutum ɗaya, cikin wata shida layin ya yi tsit babu ƙarar inji.

Malam Habu: Batiran fa idan sun mutu? Ina ganin yara a bayan kasuwa suna fasa su da guduma suna zubar da ruwan a kwata.

Bashir Mai Sola: Malam, wannan ita ce kunyar sana'armu, ba zan ɓoye ba. Batir mai ruwa dalma ce a cikinsa. Shekara biyu ko uku ya mutu, in an wahalar da shi ma bai kai ba, sai 'yan gwangwan su saya, a fasa, a narka a fili.

Dakta Rabi'a: Dalma kuwa mun san aikinta a Arewa. A 2010 ta kashe yara aƙalla 400 a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Zamfara, duk da can daga dutsen zinariya ta fito. Wadda ba ta kashe ba tana taɓa ƙwaƙwalwarsa har abada. Duniya ta sha fama kafin ta raba fetur da dalma, sai a 2021 Aljeriya, ƙasa ta ƙarshe, ta daina sayar da irinsa. Kada mu kore ta ta salansa ta dawo ta batir.

Bashir Mai Sola: Shi ya sa nake matsa wa masu hali su sayi na litiyom, yana kai shekara takwas zuwa goma in an kula. Wanda kuma aikinsa na rana ne, ina ce masa ya rage batir ya ƙara faranti. Tsohon batir kuma a mayar wa dila ya karɓa a canji, kada a ba yara.

Sani Ɗan Sahu: Salamu alaikum. Yanzu na ajiye, na ga an ambace mu. Injiniya, ka ce bakin titi ja ya nuna. To ku wucewa kuke, mu a ciki muke yini. In na dawo gida na wanke fuska, ruwan baƙi yake fita. Ba mai son hayaƙi a cikinmu. Amma mai keken balas ɗinsa yake jira kullum, injin ya fara shan baƙin mai, ka san ringi ne ya tafi, kana gyarawa ka rasa aikin kwana biyu. Sai ka yi ta turawa a haka.

Injiniya Nura: Sannu da aiki, Sani. Ba zargi nake ba wallahi. Maganar komawa gas ɗin mota da gwamnati ke yi fa, CNG, me kuke gani?

Sani Ɗan Sahu: Waɗanda suka juya suna yabawa, sun ce kuɗin da suke kashewa a yini ya ragu sosai, kuma salansa ba ta baƙi. Matsala biyu ce. Kuɗin juyawar, da inda za ka sha. Gidan mai kowace kwana akwai, na gas kuwa sai ka ƙona rabin abin da ka sha kafin ka kai ka dawo, ga layi. Sannan akwai tsoro. Mutane na cewa bam ne ka ɗauka a ƙarƙashin kujerar fasinja.

Injiniya Nura: Tsoron yana da tushe, amma a san inda haɗarin yake. Gas ɗin mota ba irin na girki ba ne. Ana danna shi da ƙarfin da ya kai 200 a ma'aunin bar, wato kusan ninki ɗari na iskar tayar mota. Tukunyarsa ta musamman ce, ƙarfe ɗaya ba walda. Fashewar da aka yi a wani gidan gas a birnin Benin na jihar Edo cikin Oktoban 2024, tukunyar da mai walda ya haɗa ce aka saka wa motar. Duk wanda ya ce zai yi maka da araha a bakin hanya, ka gudu. Game da wurin sha kuma, abin da Arewa ke jira shi ne bututun AKK, mai tsawon kilomita 614 daga Ajaokuta ya bi Kaduna ya iso Kano, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2020. Kafin ya fara kawowa, a tirela ake jigilar gas ɗin, shi ya sa yake wahala. Ka san ƙasar da ake ƙera kekunanku, Indiya, ta bi wannan hanyar. Kotun ƙolinsu ta ba da umarni a 1998 cewa motocin haya na Delhi su koma gas, zuwa ƙarshen 2002 bas-bas ɗinsu da masu ƙafa uku sun koma. Su ma sun sha dogon layi a farko.

Malam Habu: Kuma Delhi har gobe tana cikin biranen da suka fi ƙazamar iska a duniya. A faɗi wannan ma.

Injiniya Nura: Haka ne, Malam. Iskar ta gyaru na 'yan shekaru, sai yawan motoci ya ninka, ga ƙona karan shinkafa da manoman Punjab ke yi duk kaka. Sun toshe ƙofa ɗaya suka bar uku a buɗe. Amma akwai inda aka yi nasara. Landan a Disamban 1952 hayaƙin gawayin ƙasa ya rufe ta kwana biyar, dubban mutane suka mutu, a 1956 suka yi dokar da ta ba da damar hana ƙona shi a unguwanni, suka kuma taimaka wa mutane da kuɗin sauya murhu. Ka lura, doka da tallafi tare.

Sani Ɗan Sahu: Ni da za a ba ni zaɓi, mai batir nake so. Na ga bidiyon wani matashi a Maiduguri, Mustapha Gajibo, yana cire injin ƙananan bas yana mayar da su na lantarki. Ba mai, ba baƙin mai, ba fulogi. In da za a sa rumfar sola a tasha, ka kawo batir da ya ƙare a ba ka cikakke kamar yadda ake canjin tukunyar gas, wallahi gobe zan shiga layi. Amma a ba mu biya kaɗan-kaɗan, yadda muke biyan balas.

Isuhu Maraɗi: Salamu alaikum ƴan'uwa, ina biye da ku daga nan. Mu abin da ya tura mu ga sola ba daɗi ba ne. Bayan juyin mulkin Yulin 2023, anka yanke muna wutar da ke zuwa daga Najeriya, alhali a lokacin wajen kashi 70 cikin ɗari na wutarmu daga can take. Yamai ta sha duhu. Tashar sola ta Gorou Banda mai megawat 30 da anka kunna a shekarar ta taimaka ƙwarai, ga ta Malbaza mai megawat 7 tun 2018. Amma ni abin da nike son in ƙara, ba duka fasaha ce ke zuwa cikin kwali ba. Nan ƙasar Maraɗi, bayan yunwar shekarun 1970 da 1980, gonaki sun koma fili fetal, iska na binne shuka da rairai, sai ka yi shuka sau uku. An dasa itatuwa ba adadi, suna mutuwa. Wani ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, da ke aiki nan a farkon shekarun 1980, ya lura cewa ƴan tsirran da muke sarewa lokacin sharar gona ba ciyawa ba ne, kututturan itatuwa ne masu rai da saiwarsu a ƙasa. In ka zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi ka bari, ka sassabe sauran, cikin shekara uku sun fi ka tsawo. Mu muna ce mishi sassaben zamani. Ba famfo, ba leda, ba kuɗi, sai wuƙa da haƙuri. Masu bincike da hoton tauraron ɗan'adam sun ƙiyasta hekta miliyan 5 da itace wajen miliyan 200 sunka dawo a jihohin Maraɗi da Damagaram. Gonar mahaifina yanzu gawo ya fi talatin. Kun san halin gawo, da damina yake zubar da ganye, ba ya tare wa hatsi rana, ga taki, ga ƴaƴansa dabbobi na ci da rani. Matan gidanmu daga sassaben suke samun icen girki, ba su zuwa daji.

Malam Habu: Wannan kam ta burge ni, Malam Isuhu. Irin wannan nake so, wadda ba sai mun miƙa hannu ba.

Alhaji Garba Kura: Ni manomi ne, ban iya dogon rubutu ba, ɗana ke taya ni. Injin ban ruwa na fetur ya kusa raba ni da noman rani bara waccan. Na sayar da sa biyu na sa famfon sola a tubwel. Daga hantsi zuwa la'asar ruwa na zuba, ba ƙara ba hayaƙi. Damuwata ɗaya ɓarayi, dole kullum a kwashe farantan a kai gida a amalanke. Kuma in hazo ya yi kauri ƙarfin ruwan yana raguwa, sai an bi ana goge su. Amma Injiniya, ka zo Kura bayan girbi da na'urarka ka ga yadda ake cinna wa tattakar shinkafa wuta, da tsibin buntu a bayan injinan casa yana ci kwana da kwanaki.

Injiniya Nura: Ranka ya daɗe, wannan buntun dukiya ce ake ƙonawa. Ana gasa shi a ganga mai rufi, a daka, a kwaɓa da ɗan kokon rogo, a matse a ƙwarya ko bututu, a shanya, ya zama gawayi. Ba a sare ko reshe ɗaya ba. Ɗalibaina sun gwada, yana ci a hankali, sai dai tokarsa na da yawa. Akwai kuma wata dabara ta ban ruwa da cibiyar binciken shinkafa ta IRRI da ke Filifin ta yaɗa. Shinkafar da ke kwance cikin ruwa kullum tana fitar da iskar mitan, wadda cikin shekara ashirin ta fi kabon ɗumama duniya kusan sau 80. Sai su ce ka kafa guntun bututun roba mai huji-huji a fadamar, ka bar ruwa ya janye har ya sauka santimita 15 ƙasa da fuskar ƙasa, sannan ka sake ba da ruwa, ban da lokacin da take fure. Ruwan da ake sha yana raguwa har kusan kashi 30, mitan kuma kusan rabi, amfanin bai ragu ba in an bi ƙa'ida.

Alhaji Garba Kura: Mitan ɗin ban san shi ba, amma rage ruwa na gane. Zan gwada a kwali biyu bana in gani da idona kafin in taɓa sauran.

Hajiya Binta: Gawayin buntun nan, Nura, in ɗalibanka za su iya kawo min buhu ɗaya, zan gwada a kurfoti na miya. In ya yi, ni kaɗai zan iya ɗauke abin da suke yi a mako. Amma kada su kawo min mai warwatsewa a hannu.

Malam Habu: Ni har yanzu ina kan bakana a abu ɗaya. Duk abin da kuka lissafa, talaka ne ke sayar da sa, yana shiga adashi, yana biyan balas. Najeriya ta yi alƙawari a taron sauyin yanayi na duniya a Glasgow a 2021 cewa zuwa 2060 za ta daidaita hayaƙinta, wato abin da take fitarwa ba zai wuce abin da ake zuƙewa daga sama ba, aka sa hannu a dokar sauyin yanayi a watan Nuwamban shekarar. Ga tashar sola mai megawat 10 da aka buɗe a Challawa a Janairun 2023, abu mai kyau, amma megawat goma a garin da ya kai Kano ai ɗigo ne. Kuma har yau ana ƙona gas a banza a Neja Delta, alhali Hajiya ta jingine tukunyarta saboda tsada. Wannan ba adashi ne zai gyara shi ba. Sai mun tambayi masu neman ƙuri'armu.

Injiniya Nura: Ban ƙi ba, Malam. Kuma tambayar za ta fi ƙarfi in muna riƙe da lamba a hannu. Na yi magana da mai na'urar, ya bar min ita har ƙarshen wata. Ina so mu auna wurare daban-daban a lokaci iri ɗaya, safe da yamma, mu rubuta a littafi.

Sani Ɗan Sahu: Ka ba ni ita ranar Alhamis in ɗaura a keke. Zan bi ta Ƙofar Ruwa, Kurna, Bata, in dawo ta kwata lokacin da ake babbaka da taya.

Hajiya Binta: Asabar kuma ka kawo ta wurina da ƙarfe goma, lokacin duka murhun biyu na ci. Ina so a auna inda nake tsayawa, a kuma auna inda yaran ke yanka albasa. In bututun nan bai yi aiki ba, gara in sani in kira maginin ya ƙara masa tsawo.

Injiniya Nura: In sha Allahu, Yaya. Bashir, na yi wa telan magana, ya ce mu same shi gobe bayan la'asar, ka taho da abin awon wutarka ka duba kekunansa uku.